Mai Kati Ko Mai Arha: Amsa Ga Alhaji Kan Injin Numfashin Barci

Alhaji, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Cikin injinan biyu da aka nuna maka don matsalar tsayawar numfashi a barci, mai rubuta bayanan dare a kati da mai arhar nan da ƙarfin iskarsa ba ya canjawa, ɗauki mai katin.

Nawa ResMed AirSense 10 AutoSet ne, shekara uku ke nan muna tare a Garwa ta Kamaru. Shi yake daidaita ƙarfin iskar da kansa tsakanin lamba 4 da 20: maƙogwaro ya fara rufewa ya ƙara, ya buɗe ya sassauta. Amma katin SD, wato ƙaramin katin ajiyar bayanai da ke gefensa, shi ne ya saye ni. Akwai hunturun da na koma tashi da ciwon kai, ina gyangyaɗi a shago bayan azahar kamar da can. Uwargida kuwa ta rantse ba ta jin minshari. Na zare katin na kai wa likitana, ya buɗe shi a kwamfuta da manhajar OSCAR, wadda kyauta ake sauke ta. Sai ga shi ɓaro-ɓaro, kullum wajen ƙarfe uku na dare iska na zurarewa ta gefen takunkumin fuska. Ashe robar ce ta tsufa. Da aka canja ta, lambar AHI, wato sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a awa ɗaya, ta dawo ƙasa da 5, inda likitoci ke so. Ba don katin ba, da sai na sake bin jirgin ƙasa daga Ngaundare har Yawunde neman gwajin barci.

Mai arhar kuwa, na taɓa riƙe irinsa wata bakwai. Yana hura iska, ba zan yi masa ƙazafi ba, amma awoyi kaɗai ya iya ƙirgawa.

Sai ka yi hattara da dillalai. Ko a cikin AirSense 10 akwai wanda aka rubuta masa CPAP kawai, shi ma awoyi yake riƙewa ko da yana da ramin kati. Nemi mai AutoSet ko Elite a goshinsa. Idan an ce sabo ne dal, a kunna a gabanka ka ga awoyin da injin ya yi aiki, don masu wanke na hannu su mayar a kwali suna nan. Wanda ya miƙo maka tsohon DreamStation na Philips, ka tuna a 2021 kamfanin ya janye su saboda soson cikinsu yana marmashewa, zafi kuma na ƙara lalata shi. Kai da ke Marwa ka san zafin watan Afrilu.

Lambobin iskar likita ne zai sa maka, ba mai shago ba. Ka haɗa da matatar ƙura da yawa saboda hazo, in kuma an ɗauke wuta ka koma batir, kashe ma'ɗumamar ruwan da ke sa wa iskar danshi, ita ke shanye cajin kafin asuba.