Naira 82,000 na tura wa wani mai sayar da DAC, ku yi hattara da shi

Jama'a, tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba. Naira 82,000. Ba a aljihu aka zare min ba, ni da hannuna na tura, har sau uku.

Ina da tsohuwar amfilifaya Kenwood da na gada wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa, da lasifika biyu manya. Ramukan ja da fari kawai gare ta a baya, sabuwar talabijin kuwa ba ta da su, sai oftikal da HDMI. Shi ya sa nake neman DAC, ƙaramin akwatin nan da ke karɓar sauti daga kwamfuta ko talabijin ya mayar da shi irin wanda tsofaffin kaya ke ganewa. Kuma kar wani ya ce min ban yi bincike ba. Kusan wata biyu ina karatu a kai, na auna na kamfanonin FiiO da SMSL da Topping, na tsaya kan Topping E30 saboda yana karɓar sauti ta wayar USB da ta oftikal da ta kowaksiyal, yana da allo da rimot. Sabonsa ya fito ne a kan dala 130, ku lissafa da canjin yau, ya fi ƙarfina. Sai na ga wani ya sa na hannu a Facebook, 68,000.

Abin da ke ta dawo min a rai shi ne maganar da muka yi ta waya. Na yi masa tambayar gwaji, na ce wane irin cif ne a ciki, wato ɗan ƙanƙanin abin da ke sarrafa sautin? Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Alhaji, AK4493 ne, 'yan farkon nan ne kafin gobara." Gobarar da ta ci masana'antar AKM, kamfanin da ke ƙera wannan cif, a Nobeoka ta ƙasar Japan a watan Oktoba na 2020 yake nufi, wadda ta sa cif ɗinsu ya yi wuya a kasuwa. Ku faɗa min tsakani da Allah, ɓarawo nawa ne ya san wannan? A nan na saki jiki. A daidai wannan kalmar, "kafin gobara". Na ce a raina wannan ɗan hannu ne, mai son kaya ne irina. Har yanzu ina jin muryarsa, a natse, Hausarsa tas, Alhaji kaza Alhaji kaza.

Kafin nan ma ya turo min bidiyo, akwatin a kunne, allon yana nuna 44.1, wato ma'aunin sautin da aka saita shi a kai. A'a, bidiyon bayan na tura kuɗin farko ne, kafin nan hotuna ne guda huɗu. Ko ma dai yaya, na nemi kiran bidiyo ya ce yana kan hanyar masallaci, ranar Juma'a ce, in ya dawo zai kira. Bai kira ba, ni kuma na ji nauyin in matsa wa mutumin da ya ce min sallah za shi. Na tura 68,000. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne mai tsare shago. Sai 7,000 kuɗin mota daga Legas zuwa Kano.

Ranar Talata direba ya kira ni tasha. Kwali ne an naɗe shi da salatif kamar ba gobe, da ɗan nauyinsa. A falo na yanka shi gaban uwargida da yara, don na kwana biyu ina ba su labarin yadda sautin zai fito. Me ke ciki? Fasassun tayil guda biyu a cikin tsohuwar jarida, da ɗan baƙin akwatin nan mai girman kwalin ashana da ake sayarwa a kowane shagon kayan lantarki, oftikal ya shiga ja da fari su fita. Babu allo, babu rimot, babu ramin shigar da sauti ta USB, babu suna a jikinsa. Ban iya ɗaga kai na kalli uwargida ba.

Na haɗa shi duk da haka. Shuuu kawai yake yi, sai da na shiga saitin talabijin na mayar da tsarin fitar da sauti zuwa wanda ake kira PCM, don irin waɗannan akwatunan ba sa gane tsarin Dolby. Ya yi magana, amma da wani gurnani a ƙasa da ba ya tsayawa.

Na kira shi jikina na rawa. Ya yi salati, ya ce yaron shago ne ya haɗa kayana da na wani, in yi haƙuri don Allah, in turo 7,000 a sake ɗoro nawa, in ya iso sai in mayar da wancan. Na tura. Eh, na tura, kuma na san abin da za ku ce. Amma mutumin da 75,000 ɗinsa ke hannun wani, 7,000 ce za ta tsayar da shi? 68,000 da 7,000 da 7,000. Naira 82,000, kuɗin da na fi wata huɗu ina tarawa. Asabar da safe na tarar ya toshe ni a WhatsApp, tallar ma ta ɓace.

Kamfanin da ke ƙera kayan ba ruwansa, direban ma kwali aka ba shi. Na je banki na cike takarda, sun ce in kawo rahoton 'yan sanda, gobe zan je.

Kar ku biya kafin ku gani a kiran bidiyo, ya juya muku bayan akwatin ku ƙirga ramukan. In sunan asusu ya bambanta, ku tsaya.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da rasit uku, da muryoyin da ya turo, har wadda yake rantsuwa da Allah cewa yaro ne ya yi kuskure. Zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin da ba nasa ba. Tayil ɗin ma na ajiye, suna nan kan teburi kusa da amfilifayar Baba.