Mazubin hatsin zabi: na ƙasa ko mai dogayen ƙafafu?

Wannan sharhi ne a kan mazuban hatsi iri biyu da muka yi aiki da su a garkar zabi a wajen garin Tahoua, rani da damana. Dukansu duron ƙarfe ne mai cin lita 200, mai walda ya yi musu ƙafafu. Ɗaya gajere ne, hatsi na gangarowa da kansa cikin kwano. Ɗayan yana bisa ƙafafu uku, a gindinsa akwai ƙaramin inji mai faifai da ke watsa hatsi a lokacin da aka saita masa. Asalin wannan na biyun na maharban barewa ne a Amurka, masu watsa masara don dabba ta saba da wuri. A Nijar kuwa farauta tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, saboda haka kada kowa ya kafa shi a daji don jawo namun dawa bai je ya ji ta bakin ma'aikatan gandun daji ba. Mu zabin gida muka yi wa amfani da shi.

Duro ɗaya yana ɗaukar gero wajen kilo 150, kusan tiya 60 ke nan. Zabi 50 da ke fita kiwo da rana, tiya guda ta ishe su ƙari a yini, sai a tsakiyar rani a ɗan daɗa. Lissafi ya nuna cikakken duro zai yi wata biyu, kuma nan ne kuskuren farko yake. Ƙarfe yana gasuwa da rana ya huce da dare, gumi ya taru a cikin murfi ya ɗiga kan hatsi, sama ta yi fumfuna, ƙwari su cinye ƙasa. Rabin duro ya isa, a shafa masa farin fenti, a ajiye shi a inuwa. Wannan ya shafi duka biyun.

Mai dogayen ƙafafun ya fi burgewa, kuma abin da yake yi da kyau yana yin sa da kyau ƙwarai. An saita agogonsa sau biyu, da hantsi da bayan la'asar, daƙiƙa huɗu zuwa shida kowane juyi. Hatsin yana bazuwa mita biyar zuwa bakwai kewaye, don haka manyan mazan ba sa iya tare wuri su kori na baya. Babban amfaninsa ma ƙarar faifan ce. Zabuwa mai nisan kiwo ce, amma da ta saba da wannan ƙara sai ka ga garken ya sheƙo gida kafin magariba, ba mai bin su cikin gonakin mutane. Batirin babur mai bolt 12 da ɗan faifan sola mai wat 5 sun riƙe shi.

Matsalolinsa dai ba kaɗan ba ne. Don masara aka ƙera shi, ratar da ke tsakanin bakin mazurari da faifai ta yi wa gero faɗi. Iska na girgiza duron, gero sai ya yi ta tsiyaya ko injin bai tashi ba. Sai an ɗaga faifan ratar ta dawo kamar milimita shida, in kuma aka matse fiye da haka, ɗan tsinke ko tsakuwa ɗaya ya toshe shi, zabi su wuni da yunwa ba wanda ya sani. Dole a tankaɗe hatsin a sheƙe shi kafin zubawa. Dusa ba ta bi ta cikinsa sam, dunƙulewa take yi. Ƙurar hunturu tana shiga sandar injin ta daskare, man da aka ɗiga don a sauƙaƙa juyi shi ke ƙara kama ƙurar, gara a goge da busasshen tsumma duk mako.

Sai ɓarna. Geron da ya faɗi kan yashi rabi nitsewa yake, saura kuma kurciyoyi da jan baki sun riga zabi. A share fili a daɓe shi, a kuma yi amfani da dawa ko masara, asarar tana raguwa sosai. Ga nauyi: hatsi kilo 70 ko fiye a sama da mita biyu, iskar farkon damana tana iya kifar da shi, faɗuwa ɗaya kuma ta lanƙwasa faifai ta fasa akwatin agogo. Kowace ƙafa tana son turken rodi mai tsawon santimita 50 a ƙasa, a ɗaure da waya. Cika shi aikin mutum biyu ne da tsani, kuma ba aikin yaro ba ne.

Na ƙasa ba shi da abin lalacewa. An huda gindin duron wuri huɗu, an ɗora shi kan faffaɗan kwano, bakin kwanon daidai tsayin gadon bayan zabuwa, wajen santimita 25 daga ƙasa. In ya fi haka gajarta, za su shiga da ƙafa su tone su zubar. Yana karɓar gero, dawa da haɗin dusa, ana cika shi a tsaye, ana ganin abin da ya rage da ido. Abokan gabarsa akuya, ɓera da gafiya. Maganin akuya shingen ragar waya mai tsayin mita ɗaya da rabi, da ƙananan ƙofofi masu faɗin santimita 15 da zabuwa kaɗai ke bi. Ɓera kuwa da dare yake aiki, sai a rufe kwanon da magariba, a sa wa kowace ƙafa kifaffen gwangwani don kada ya hau. A ɗora ƙafafun bisa bulo saboda ruwan damana, a yi rumfar kwano da ta zarce bakin da taki guda. In zabi sun wuce 40, a yi mazubi biyu nesa da juna, in ba haka ba raunanan sai sun jira ƙarfafa sun ƙoshi. Ƴan tsaki ba su da rabo a ko ɗaya, nasu faranti ne daban a busasshen wuri.

Wanda garkarsa ke kusa da gida, ko yake da mai tsaro da ke kwana a wurin, ya ɗauki na ƙasa, kuɗin inji da batir ya sayi raga da hatsi. Mai dogayen ƙafafun na wanda gonarsa ke nesa ne, ba ya zuwa kullum, yana ciyar da dawa ko masara, kuma damuwarsa ita ce garke ya riƙa dawowa kan lokaci. Shi ma ya sa wani ya riƙa leƙa bakin mazurarin duk kwana biyu.