ThreadSanitizer: yadda ya kama mini ɓarnar da na kwana uku ina nema

Ina aiki a Jidda, a wani kamfani da ke aika kayan alhazai da masu Umara gida. Ni ke kula da manhajar da ke buga takardar da ake liƙa wa kowace jaka: suna, lambar waya, garin da za ta. Da harshen kwamfuta na C++ aka rubuta ta, tana tafiya a kan Linux, kuma ta raba aikinta zare takwas, wato hannaye takwas da ke aiki a lokaci guda.

A goman ƙarshe na azumin bara aiki ya yi yawa, sai takarda ta fara fitowa da sunan wani, garin wani. Jakar wata Hajiya 'yar Sakkwato, cike da dabino da sallaya na tsaraba, saura ƙiris ta nufi Damagaram. Wani dattijo mai ɗaure kaya ne ya lura, ya ce mini, "Ɗana, na'urarka tana haɗa mutane." Raina ya ɓaci ƙwarai, domin amana ce aka ba mu.

Kwana uku ina karanta rubutun manhajar ban ga komai ba. Mazubin da ake haɗa rubutun takardar a ciki an sa masa thread_local, kalmar da ta shigo C++ a 2011, ma'anarta kowane zare da nasa. Shi ya sa ban ko kalli wurin ba.

Sai na sake harhaɗa manhajar da Clang, mai mai da rubutun C++ manhajar da kwamfuta za ta iya tafiyarwa, na ƙara -fsanitize=thread, umarnin da ke kunna ThreadSanitizer, mai gano inda zare biyu ke karo a wuri guda, da -g don ya nuna lambar layi, na zuba mata aikin gwaji. Kafin in gama shan ruwa ThreadSanitizer ya yi magana. Ya nuna layin da zare ɗaya ya yi rubutu, da layin da wani zaren ya taɓa wuri guda ba tare da makullin da zai sa ɗaya ya jira ɗaya ba, har da inda aka haifi kowannensu. Ashe abin da ke thread_local manuni ne kawai, wato adireshin da ke nuna inda mazubi yake, kuma tun farko an nuna wa dukkan manunan wuri ɗaya, wani mazubi na gama-gari. Kowa da ludayinsa, amma ƙwarya ɗaya ake sha. Gyaran layi biyu ne: na cire manunin, na mai da mazubin kansa thread_local std::string, yadda kowane zare zai gina nasa sabo.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya jiran ɓarna ta bayyana. Yana bin kowane karatu da rubutu a ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana lura ko akwai abin da ya tsara wanda zai riga wani. In babu, zai faɗa, ko da takardar ta fito daidai a wannan karon. Irin wannan cuta kuwa haka take, tana ɓuya ranar gwaji, ta fito ranar da mutane suka yi layi. Injiniyoyin Google ne suka ƙirƙiro shi, kyauta ne, yana cikin Clang da takwaransa GCC, kuma a kansa aka gina -race, mai irin wannan aiki a harshen kwamfuta na Go.

Yana da nauyi, wannan gaskiya ne. Masu shi da kansu sun ce manhaja na iya rage gudu ninki 5 zuwa 15, ta ci ƙwaƙwalwa ninki 5 zuwa 10, don haka ba a sa shi a na'urar da ke yi wa jama'a aiki. Ba a haɗa shi da AddressSanitizer, ɗan'uwansa mai kama kuskuren amfani da ƙwaƙwalwa, a harhaɗi ɗaya. Sannan hanyar da gwajinka bai bi ba, shi ma ba zai gan ta ba. Sai da na rubuta gwajin da ke tayar da zaren takwas ɗin tare kafin ya yi amfani.

Duk ɗan'uwan da ke rubuta C ko C++ mai zare da yawa, ina ba shi shawara ya gwada. Ni yanzu kowane dare ana harhaɗa manhajarmu da shi a zuba mata takardun gwaji, kuma na roƙi maigidana kada a saki sabon gyara kafin aikin Hajji sai rahoton ya fito babu ko gargaɗi ɗaya. Ya amince.