Shagon tura bidiyo na bakin Kasuwar Dole

Duk mai son shirin ilimi a wayarsa a nan Damagaram, ya leƙa shagon wani matashi da ke bakin Kasuwar Dole. Dala ashirin na biya, ya zuba mini shiri kan jiragen yaƙin Faransa masu nitso ƙarƙashin teku, kafin in shanye shayina ya gama.

Shirin ya kama ni. Jiragen da shirin ya nuna 4 ne, mazauninsu kusa da Brest, wani birnin bakin teku a Faransa, kowane na ɗaukar makamai masu linzami 16 na nukiliya. Tun 1972 kullum Faransa na da aƙalla jirgi ɗaya irin wannan a cikin ruwa. Mutum kusan 110 ke ciki, su yi wajen kwana 70 ba rana ba waya, kuma mafi yawansu ba su ma san inda jirgin yake ba. Iskar shaƙa da ruwan sha duk daga ruwan teku suke fitarwa. Kowane jirgi ayarin ma'aikata biyu gare shi, suna karɓa-karɓa cikin shekara. Matansu na fi tausayawa, wallahi.

Hoto tas yake. Sai dai Faransanci ne zalla, dole na riƙa fassara wa Baba, kuma shagon ba benci, a tsaye ake jira cikin rana.