Agogon Suwizalan da na saya da kunyar da ya ja min a ɗakin jarabawa

Masu tambayata ko agogon nan da nake ɗaurawa ya ci kuɗinsa, to ga amsa a rubuce, dan na gaji da maimaita zance ɗaya a majalisa. Ɗan Suwizalan ne, otomatik, irin wanda mutanenmu ke cewa da jini yake aiki. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, na mai shagon ma haka, masu harkar sun san inda ake samun irinsa kuma sun san abin da ake biya. Ni dai malamin makaranta ne, sai da na haɗa kwasar adashi da kuɗin masarar da na sayar sannan ya shigo hannuna.

Farkon zuwansa wallahi ba abin da zan ce sai yabo. Nauyinsa a hannu daban ne, gilashin baya karcewa, bayansa kuma a buɗe yake da gilashi kana kallon injin, akwai wani ƙarfe rabin da'ira da ke juyawa duk sanda ka motsa hannu, shi ke wana sifirin da ke tafiyar da agogon, ba wani jini a maganar. Tsinken sakan ɗinsa baya tsalle ɗai-ɗai irin na mai batir, sulalewa yake, saboda injin yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 kenan a sakan guda. Mu da muka tashi a cikin Birnin Zariya muna ganin alhazai sun dawo daga Makka da Rado tana walƙiya a hannun babbar riga, musamman DiaStar ɗin nan da ta fito tun 1962, kowa yana da wannan burin a ransa ko bai faɗa ba. Ni ma shi ya kai ni.

To ana cikin haka sai jarabawar gwaji ta 'yan aji shida ta zo, aka haɗa ni tsaro da wata Malama a babban ɗaki, takardar lissafi. Kun san dokar, ba ɗalibi ba malami, waya bata shiga, a ofis muke bari. Agogon bangon ɗakin kuwa ya daɗe da mutuwa ba wanda ya sa masa batir. Dama ni aka saba dogara da ni wajen lokaci tun da na sayi agogon nan, har shugaban makaranta in zai sa a kaɗa ƙararrawa sai ya ce Malam ƙarfe nawa. Aka raba takardu muka rubuta lokacin farawa da na tashi a allo da ƙararrawar makaranta, yara suka duƙufa. Can na duba hannuna na ga lokaci ya cika cif, na buga tebur nace kowa ya aje biro. Kai, ɗakin nan sai ya kaure, wata yarinya a layin gaba ta fashe da kuka tana cewa Malam wallahi da saura, wani yaro ya riƙe takardarsa gam yaƙi saki. Ni kuma na tsaya kai da fata, dan a raina agogon da na biya wannan kuɗin ba zai yi ƙarya ba, har na karɓi takardun layi biyu.

Sai Malama ta matso kusa ta rage murya tace, Malam dan Allah ka yi haƙuri ka duba nawa, saura minti 13. Casio ce a hannunta, baƙar nan ta roba da ake sayarwa a tire a bakin kasuwa. Aka aika ofis aka duba waya, maganarta ce daidai. Agogona ya yi gaba da minti 13, alhali jiya da daddare da hannuna na saita shi da labarun rediyo. Haka na bi layi ina mayar wa yara takardunsu, aka ƙara musu lokaci, amma wanda hankalinsa ya riga ya tashi a tsakiyar lissafi ai ƙarin minti ba zai dawo masa da abin da ya tsere daga kansa ba. Yarinyar nan har ta fita tana share hawaye da hijabi. Wannan abu ya tsaya min a rai har yau, yaran mutane ne aka ba ni amana, kuma shugaban makaranta sai da ya kira ni ofis.

Na kira mai shagon a ranar. Mutumin da lokacin ciniki yake ta Malam kaza Malam kaza, ga kwali ga katin garanti, yanzu sai cewa ya yi ai yar da shi kayi. Nace Alhaji ko bango bai taɓa buga ba. Yace to sai dai in kawo a haɗa da masu tafiya Dubai, kuɗin aike nawa, kuma shi bai san ranar dawowa ba. Daga nan in na kira sai yaron shago ya ɗauka yace Alhaji ya fita. Ashe katin garantin nan ado ne kawai a cikin kwali in dai a Zariya kake zaune.

Na fara yawon masu gyara. Na farko a Tudun Wada yana karɓa ya zaro wata 'yar wuƙa zai ɓanɓare bayan, na fizge kayana, dan bayan irin wannan murɗawa ake da makullinsa. Wani kuma cewa ya yi batir ne ya yi sanyi, agogon da ba batir a cikinsa. Sai wani abokin aikinmu ya kwatanta min wani dattijo a Sabon Gari, ɗan teburinsa da gilashi a lungu, yace tun zamanin da jirgin ƙasa ke tashe yake yi wa ma'aikatan reluwe gyara. Baba bai ma buɗe agogon ba. Ya kara shi a kunne, ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani tsohon kamfas ya aje, ya matso da agogon a hankali, sai ga allurar kamfas ɗin nan tana bin agogo duk inda ya kai shi. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau yace, Malam a ina kake kwantar da shi da dare? Nace a kan durowa Baba, tare da waya da rediyo. Yace shikenan, maganaɗisu ya sha.

Ya min bayani tiryan-tiryan. Akwai wani siririn sifirin a ciki da bai kai kaurin gashi ba, shi ke ƙayyade bugun agogo, in maganaɗisu ya kama shi sai zagayensa su manne da juna ya gajarce, agogo ya dinga gudu. Sipikar rediyo, sipikar waya, da maɓallin rigar waya mai maganaɗisu, duk suna iya jawo haka. Ya jona wani ɗan akwati a wuta, Allah ya taimaka akwai wuta a lokacin, ya ɗora agogon ya danna ya ɗaga shi sama sannu a hankali, ya sake gwadawa da kamfas allura ko motsi. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin keke napep ɗina zuwa da dawowa ba, har na ƙara masa yana cewa a'a Malam ya yi yawa. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri. Tun daga ranar agogo ya dawo hayyacinsa, na fito ina jin to lallai ban yi asara ba, abin kirki ne tunda har ciwonsa yana da magani mai sauƙi haka.

Amma fa da na zauna na yi lissafi a nutse sai ran ya sake ɓaci. Mai shagon nan shekara nawa yana sayar da irin wannan kaya, ya kasa ce min kar ka aje shi kusa da rediyo? Kalma ɗaya ce. Sannan ko lafiyarsa ƙalau, agogo mai sifirin bai kamo ƙafar mai batir a daidaito. Waɗanda aka gwada aka ba takardar shaida a Suwizalan ma an yarje musu su yi baya da sakan 4 ko su yi gaba da sakan 6 a rana. Casio F-91W irin ta Malama, wadda ake yi tun 1989, kuskurenta bai wuce sakan 30 ba a wata guda cur, batirinta kuma yana kai shekara 7. Tun 1969 da Seiko ta fito da agogon hannu mai kwatz, ɗan dutsen da a agogunan yanzu ke kaɗawa sau 32,768 a sakan, aka gama maganar wa ya fi faɗin lokaci daidai. Kenan abin da na saya da kuɗin masarata ado ne da kyan aikin hannu, ba daidaito ba, kuma ba wanda ya faɗa min haka a shago.

Ga sauran ƙananan abubuwa da ke cin rai. In na cire shi yammacin Juma'a ban ɗaura ba, safiyar Litinin a tsaye zan same shi dan ƙarfin da yake tarawa bai wuce na awa 40 ba, sai an sake wanawa an saita rana. Alwala kuwa sau biyar a rana sai na kwance na sa a aljihu, an rubuta mita 30 a bayansa amma Baba yace wannan na fantsalin ruwa ne kawai, kar in yarda in tara shi a bakin famfo. Yace kuma duk bayan kamar shekara 5 sai an warware injin an wanke an sa mai an canza robar da ke tare ruwa da ƙura, ga ƙurar hunturunmu kun santa. In na biyo Kwangila ko PZ da yamma a kan mashin sai na ja hannun riga na rufe shi saboda masu ƙwace. Da haushi ya ishe ni na kai a taya, abin da aka taya ko rabin kuɗina bai kai ba, wai ai ya zama na hannu. Masu cewa agogo kadara ne su dinga faɗin gaskiya, wasu 'yan ƙalilan ne irin su Rolex da Patek Philippe ke riƙe daraja, su ma ba kowane samfuri ba.

Ɗaura agogo kam ina nan a kai, wanda yace waya ta kashe agogo bai taɓa kwana uku ba wuta waya ta mutu ba, bai tsare jarabawa ba, kuma bai zauna gaban manya ana magana yana son sanin lokaci ba, ka zaro waya a nan ai rashin ladabi ne, agogo kuwa ɗan satar kallo ya isa. Na sayi irin ta Malama ita nake shiga aji da ita yanzu, ɗan Suwizalan sai Juma'a da ɗaurin aure da hawan Sallah, kuma ba zan ɓoye ba in na sa shi da shadda har yanzu yana faranta min rai.

Mai shagon nan kuwa har gobe yaronsa yana ɗora hotunan agogo a WhatsApp ya rubuta garanti shekara 2 da manyan baƙi. Duk wanda zai je, kafin ka tura kuɗi ka ce ya rubuta maka a rasit wa zai gyara in ya samu matsala, a wane gari, kuma wa zai biya kuɗin aike.