Shagon gyaran jita a Garwa da katakon da yake sa wa ciki

Duk mai jita a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san abin da hunturu yake yi wa katako. Masana'antu suna harhaɗa jita ne a ɗakin da danshin iskarsa yake tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Maris iskarmu takan bushe ƙayau, sai katako ya tsuke, gam ya saki. Haka tawa ta yi a bana: fuskarta ta kumbura a bayan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi suke zaune a kansa, kuma duk tsirkiyar da na taɓa sai na ji wani karkarwa daga ciki. Na kai ta wurin wani dattijon kafinta da yake da ɗan shago a hanyar zuwa gadar Binuwai, kuma aikinsa nake son in bayyana.

Da ya zura madubi ta bakin jitar, sai ya nuna mini cewa biyu daga cikin sandunan da aka manna a ƙarƙashin fuskar, waɗanda shi yake kira haƙarƙari, sun rabu da ita, ɗaya ma ya tsage. Waɗannan sanduna su ne suke riƙe da fuskar da kaurinta bai kai milimita uku ba, alhali tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta da nauyin da ya kai kilo saba'in. Gicciyen da suke yi a tsakiya tsari ne da kamfanin Martin na Amurka ya yaɗa tun wajen shekarun 1840.

Na ba shi shawarar ya sa maɗaci, tunda yana da ƙarfi kuma ga shi a ko'ina. Ya ce, "Malam, ƙarfi kaɗai ba ya isa, idan haƙarƙari ya yi nauyi, muryar jita takan shaƙe." Abin da ake nema shi ne katako marar nauyi wanda ba ya lanƙwasa da sauƙi, shi ya sa masu ƙera jita suka tsaya a kan sufurus, itacen ƙasashen sanyi wanda ba ya fitowa a Kamaru. Shi kuwa yana tara shi ne daga matattun jitoci, kuma ba ya yanka shi da zarto sai ya fara tsaga shi da kurfi, domin tsagawar tana bin jijiyar itacen, ta tona duk wata karkata da ido ba zai gani ba. Na ga ya ajiye guntaye uku a gefe saboda jijiyarsu ta kwanta maimakon ta tsaya a miƙe. Wannan haƙuri shi ne abin da ya fi burge ni a shagon.

Katakon ƙasarmu yana da nasa gurbin a wurinsa. Sapeli na dazuzzukan kudu yana yi wa baya da gefuna da wuya kyau, baƙin katakon nan dangin kanya kuma na jaki ne da allon yatsu. Wannan baƙin katako ne wanda kamfanin jita na Taylor ya sayi injin yankansa a Yawunde a 2011 tare da wani abokin hulɗa na Sifen. Sharaɗin dattijon ɗaya ne: katakon da ya zo daga Duwala sai ya shekara a rumfarsa ya sha hunturu kafin ya taɓa shi.

Inda na ga gazawa shi ne alkawari. Ya ce mako biyu, aikin ya kai biyar, kuma man da ya shafa a inda ya gyara ya fi na asali duhu, tabon yana nan ana gani. Amma karkarwar ta tafi, fuskar ta kwanta, kuma tsirkiyoyi masu kaurin murya sun dawo da zurfin da na daɗe ban ji ba. Da zan tafi ya umarce ni in riƙa ajiye ta a cikin akwatinta tare da ɗan soso mai laima a leda mai huji har ruwan farko ya sauka, kuma haka nake yi.