Telan da ya ɗinka wa yaran bagadenmu riguna a Bur Sudan

Duk mai aikin ɗinki na coci a Bur Sudan, ko rigunan 'yan hidimar bagade ko doguwar rigar ɗan seminari, shawarata ya kai wa dattijon nan Bahaushe mai shago a layin 'yan yadi. Musulmi ne, jallabiya ce sana'arsa. Kakanninsa da ƙafa suka baro ƙasar Hausa za su aikin Hajji, suka yada zango a bakin Bahar Maliya, zangon ya zama gida. Ni kuwa 'yar Malumfashi ce, Katolika, aikin jinya ya kawo ni. Hausa ce ta haɗa mu, shi ya sa matan cocinmu suka ɗora mini cinikin.

Ga yadda buƙatar ta taso. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, mutanen Khartoum da Omdurman suka kwararo nan, coci ya cika da samari da 'yan mata marasa makaranta, marasa aiki. Fadanmu, wanda kowa ke kira Abuna, ya tara su ran Juma'a, tunda Lahadi ranar aiki ce a ƙasar nan. Suna koyon hidimar Misa da Larabci, suna zuwa gaida marasa lafiya, ana ba su tarihin Waliyyiya Bakhita, yarinyar Darfur da aka sace aka sayar baiwa, ta rasu tana Sista a Italiya a 1947, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. Mu mata muka ɗauki shayi, kuɗin mota da sutura. Cikinsu ne aka karɓi wani yaro ɗan tsaunukan Nuba a babbar seminarin Waliyyi Bulus da ke Juba, wadda ke horar da firistocin Sudan da Sudan ta Kudu gaba ɗaya. To rigarsa, da na yaran bagade, su muka kai.

Baba bai taɓa ɗinka irinta ba, kuma bai yi mana burga ba. Cewa ya yi, "Malama, kawo mini tsohuwa in gani." Na aro ta Abuna. Ya juya ta ciki waje, ya shimfiɗa a kan tebur, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga wuya har ƙasa, ya tsaya a kan ninkin nan na baya ya daɗe yana kallo. Da ya zo maɓallai na ce masa a al'ada talatin da uku ake sawa, gwargwadon shekarun Yesu a duniya. Ya ɗaga carbinsa daga kan keke yana dariya, ya ce, "Wannan lissafi ai ba sai an koya mini ba."

Inda ya fi burge ni shi ne yadi. Mun zo da ra'ayin mai sheƙi, mai araha, wanda ba ya son guga. Ya ƙi. Ya ce wanda ya san gumin Bur Sudan ba zai sa wa yaro leda ya tsayar da shi awa biyu riƙe da kyandir ba. Ya zaɓa mana farin yadi mai auduga da yawa, ya sa aka jiƙa shi aka shanya kafin almakashi ya taɓa shi, don kada ya tsuke bayan wankin farko. A rigunan yara ya bar kalmasa mai faɗi a ƙasa da bakin hannu, in yaro ya ƙara tsawo a warware. Mu ba mu yi wannan tunanin ba. Kekensa na ƙafa ne, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da shi, guga kuma da dutsen gawayi yake yi, amma ban ga tabon toka ko ɗaya a farar rigar ba.

Sai aibinsa. Alkawarin tela dai alkawarin tela ne. Mun so kayan kafin Lahadin Makiyayi Mai Kyau, ta huɗu a lokacin Ista, ranar da Paparoma Bulus na Shida ya ware tun 1964 don addu'ar samun masu amsa kiran zama firist ko Sista. Ashe mun faɗo cikin ɗinkin Sallah, jallabiyoyi har rufi. Na yaran sun fito da ƙyar, ta ɗan seminarin kuwa sai da ranar ta wuce. Wuyan ma ya matse da farko, farar kwalar ta ƙi shiga. Ya gyara bai karɓi ko fam ɗaya ba, amma gyaran ya ci wani makon. Farashi kuma, kuɗin aikinsa na da sauƙi, sai dai kuɗin yadi na yau ba shi ne na jibi ba. Gara ku saya da kanku ranar da ya faɗi irin da yake so. Yana karɓar kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, in akwai sabis.

Wata a cikinmu ta ce wannan duk ɓarnar kuɗi ce, a lokacin da mutane ke kwana a azuzuwan makaranta. Na fahimce ta, amma ban yarda ba. Diyosis biyu kacal ke Sudan, Khartoum da El Obeid, kuma bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 Katolika da yawa sun koma kudu. An taɓa ganin ƙarancin firistoci a 1964, gwamnatin Janar Abboud ta kori mishan na waje daga kudancin ƙasar, aikin ya faɗo kan 'yan firistocin gida. Waliyyi Comboni, bishop ɗan Italiya wanda ya rasu a Khartoum a 1881, abin da ya nace a kai ke nan, Afirka ta tsira ta hannun 'ya'yanta. Firist ɗan ƙasa kuwa daga cikin yaran nan masu ɗaukar turare zai fito, ba daga sama ba.

Ba na ce riga ce kira ba. Dokar coci ta tanadi aƙalla shekara shida na karatu kafin a zama firist, biyu na falsafa, huɗu na tauhidi, kuma wasu za su dawo gida a tsakiya, wanda ba abin kunya ba ne. Na sha hana mata kiran yaron "Abuna" tun yanzu, nauyi ne ake aza masa. Mahaifiyarsa ma ba murna zalla take ba. Ta ji labarin Fada Luka Jomo da harsashi ya kashe a El Fasher a watan Yunin 2025, ranar awo tana zaune a bencin shago ba ta ce uffan ba. Baba ne ya aika aka kawo mata jabana, wato kofin Sudan, ya ce, "Yi haƙuri 'yata, kowa da hanyar da Allah ya tsaga masa." Abin da ya rage mana gyara shi ne 'yan matan ƙungiyar. Su ke share coci, su ke rera waƙa, amma ba a taɓa tara musu kuɗin mota su je su ga yadda Sistoci ke rayuwa ba.

Ku je masa da safe kafin rana ta yi zafi, yana rufewa lokacin azahar, ran Juma'a kuma ba ya buɗewa sai bayan la'asar. Ku tafi da samfuri, ku ba shi wata guda, kada ku kusanci Sallah. Mun riga mun kai masa mayafan bagade masu launin shunayya na lokacin Zuwan Almasihu.